Hannun Yaya da Takardar Jikin Bango

Na daɗe ina koyar da darasin gwamnati a wata makarantar sakandare a nan Zuru, kuma cikin duk abin da nake koyarwa babu wanda nake so kamar yadda ake yin doka. In muka zo wannan babi har muryata canzawa take yi. Nakan faɗa wa ɗalibai yadda ɗan majalisa ke kawo ƙudiri, a yi masa karatu na farko, a yi na biyu a tafka muhawara, a miƙa wa kwamiti ya kira jama'a ya ji ta bakinsu, a dawo a yi karatu na uku, ɗaya majalisar ita ma ta yi nata, sannan a kai wa shugaban ƙasa ya sa hannu. Daga nan sai in jera musu dokokin bisa girmansu. Tsarin mulki ne a sama, sai dokar tarayya, sai ta jiha, sai ta ƙaramar hukuma, can ƙasa kuma ƙa'idojin da ma'aikatu ke fitarwa don tafiyar da aiki. In ƙarama ta ci karo da babba, ƙaramar ce ke faɗuwa. Nakan buga tebur in na zo wannan gaɓar. An san ni da faɗa a makaranta, a gida ma haka, kuma ban taɓa musawa ba.

Mu biyu mahaifiyarmu ta bari, ni da Yayana. Babanmu soja ne, kamar rabin mazan unguwarmu a wancan lokacin, kuma mun fi sanin hotonsa da ke rataye a ɗaki fiye da shi kansa. Da aka zo maganar makaranta, Yaya ne ya zauna ƙauye ya riƙe gona, ni aka turo gari. Bai taɓa yi mini gori a kan haka ba, sai dai tsokana. Duk na je gida zai ce ga Malama mai doka ta zo, kowa ya gyara zama kada a kai shi kotu.

Manomi ne na gaske. Shekarun da ya yi yana noma gonar surukansa kafin a ba shi mata, kamar yadda al'adarmu take, har yau tsofaffin gidan suna maganarsu. Tafin hannunsa in ka gaisa da shi sai ka ji kamar ka kama ɓawon itace. Gonarsa tana gindin dutse, can ta hanyar Sakaba, kuma kowace shekara in dawa ta fara nuna sai birai su sauko su yi ta ɓarna. Yana da tsohuwar bindigar toka ta kakanmu, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ban taɓa jin ya kashe biri ko ɗaya da ita ba. Ƙarar kawai yake so, ya harba sama su watse ya samu kwana biyu.

Wata ranar Asabar da hantsi ina tsakar gida ina wanki, wayata ta yi ƙara. Matar Yaya ce.

"Malama, ki zo. Bindiga ta hwashe ma Yayanki ga hannu. Muna nan asibitin bakin gari."

Ko kumfar hannuna ban wanke ba na yafa mayafi na tari ɗan acaɓa.

Wurin da ta kira asibiti ƙaramin gidan magani ne na wani mutum, ɗaki huɗu da baranda, shi ne na farko da mai shigowa daga ƙauyukanmu yake tararwa. Na samu Yaya zaune a kan benci a barandar, ya jingina kansa da bango, fuskarsa ta yi fari kamar an shafa masa toka. An naɗe hannun damansa da zanin matarsa, zanin ya jiƙe ya fara bushewa. Sama da wuyan hannun kuma, wajen tsakiyar sangali, an ɗaure tamau da baƙar robar nan da ake ɗaure kaya da ita a bayan babur. Maƙwabcinsa da ya kawo su ne ya ɗaure tun a gona, da ya ga jini ya ƙi tsayawa. Ya zagaya ta sau biyar ko shida, ya ja iya ƙarfinsa, yadda yake ɗaure buhun dawa ranar kasuwa. Jinin kuwa ya tsaya, kowa ya gode masa.

Yaya ya buɗe ido ya gan ni, ya ce, "To, ga mai doka ta iso."

Na tambayi matarsa me suke jira. Ta nuna mini ƙofa da haɓa.

Ma'aikacin da ke kan aiki ranar mutum ne siriri mai ɗan furfura a gemu. Ba likita ba ne, amma kowa Likita yake ce masa, ni ma haka na ce. Ya gaishe ni da mutunci, ya ce ya san ni, 'yarsa ta yi ajina. Sannan ya juya ya nuna mini wata takarda a jikin bango, bayan teburinsa. An buga ta da manyan baƙaƙe, an manna kusurwoyinta huɗu da filastar da ake rufe ciwo. Abin da ta ce shi ne duk wanda ya zo da raunin bindiga ba za a taɓa shi ba sai ya kawo takardar 'yan sanda. Babu hatimi a jikinta, babu sa hannu, babu kwanan wata. A ƙasa an rubuta cewa daga hukumar asibiti ne, hukumar kuwa mutum ɗaya ne, mai gidan, wanda ya yi tafiya tun ranar Alhamis.

Ba zan ɓoye ba, da na karanta takardar nan wani abu mai kama da murna ya ratsa ni. Ga abin da na sani ya zo har gabana. Na ajiye jaka na ce masa wannan takardar ba doka ba ce. Na ce akwai dokar tarayya, majalisa biyu sun yi ta, shugaban ƙasa ya sa hannu, ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati da na kuɗi, ya karɓi mai raunin bindiga ya fara masa magani ko da takardar 'yan sanda ko babu, daga baya a sanar da su. Na ce akwai wata kuma, ta kiwon lafiya gaba ɗaya, da ta hana a mayar da wanda ya zo a halin gaggawa. Sama da su duka ga tsarin mulki da ya ba ɗan ƙasa haƙƙin rayuwa. Na ciro waya na nemo dokar, na sa masa ita a gaban ido.

Ya karanta, a hankali, yana motsa leɓe. Ya miƙo mini wayar.

"Malama, wagga doka na san ta. An hwaɗa muna ita wurin taro. Wani ya ce ta hau kanmu, wani ya ce sai majalisar jiha ta yi tata. Ni ban san mai gaskiya ba."

Na ce masa ko ma wane ne mai gaskiya, takardar mai gidansa ba ta cikin lissafi. Ba ta kai ko ƙa'idar ma'aikata ba, balle ta ja da dokar majalisa.

"Haka ne," ya ce. "Amma ranar da 'yan sanda sunka zo sunka tahi da abokin aikina, babu wanda ya tambaye shi wace doka ce babba. Mutum ya zo da harsashi ga cinya, ya ce mahalbi ne, abokin nawa ya ɗinke shi. Ashe cikin mutanen daji yake. Shi ko abokin nawa, sai da yat tahi ya daɗe kahin iyalinai su sake ganinai, kuma har yau ba ya iya zama da kyau. Ina da ɗiya shida, Malama. Dokar tana cikin wayarki, ni kuwa nan nika kwana."

Da ina da hankali, a nan zan tsaya. Sai na ƙara wuta. Na ce masa Yayana manomi ne, duk yankin an san shi. Ya ce wancan ma haka aka ce. Na ce dokar ta tanadi hukunci ga wanda ya ƙi, har da ɗauri. Ya ce ya ji, amma bai taɓa ganin wanda aka ɗaure don ya ƙi ba, ya ga wanda aka ɗauke don ya yarda. Na ce ya kira mai gidan. Ya kira sau uku a gabana, wayar a kashe. Na ce to ko robar ya duba mana. Ya sa hannuwansa biyu a baya kamar ɗalibin da aka tsayar, ya ce in ya taɓa ya fara magani ke nan, kuma shawararsa kada mu kwance, don in jinin ya ɓalle ba shi da abin da zai yi. Mutanen da ke jiran allura suka taru a bakin ƙofa suna kallonmu. Wata tsohuwa ta ce, "Malama na da gaskiya." Na ji daɗin wannan magana, Allah ya sani na ji.

Matar Yaya ta shigo sau biyu ta ja mini mayafi. Na farko ta ce, "Malama, mu tahi mu amso takardar kawai." Na ce ta bari, takardar nan ba ta da hurumi, in muka karɓo mun yarda da zalunci ke nan. Na biyu ta ja kawai ta koma. Da na duba agogo, na shafe fiye da awa ɗaya a ɗakin nan, kuma ban matsar da mutumin ko taku ɗaya ba.

Na fito baranda. Yaya ya ce hannun ya daina ciwo, ya ji sauƙi. Na yi hamdala. Ban san cewa wannan ne mafi munin abin da zai iya faɗa ba.

Kafin in tafi na tambayi ma'aikacin ko mu wuce babban asibiti. Ya ɗaga kafaɗa ya ce yadda ƙasar take yanzu, ko'ina muka je abin da za a ce mana ke nan. Ban san ko ya yarda da abin da ya faɗa ba, ko so yake ya ji ba shi kaɗai ba ne. Ni dai na ɗauka. Ya kawo wa Yaya ruwa a kofi, ya ja bencin zuwa inda inuwa ta fi, yana kaffa-kaffa kada ya taɓa hannun. Na bar su nan na nufi caji ofis.

A bayan kantar ofishin na samu wani ɗan sanda mai ƙiba yana cin gyaɗa. Ya saurare ni har na gama, abin da ba kowa ke iya yi ba. Ya ce ina da gaskiya, su ma an sanar da su cewa ba a bukatar takardarsu kafin a yi wa mutum magani. Na ce to ya rubuta mini haka a takarda in kai. Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, ya ce shi ba ya rubuta komai da sunan ofis, sai babbansu, babban kuwa ya fita tun safe da mutanensa zuwa wani ƙauye da aka kore shanu. Yaushe zai dawo? Sai Allah.

"Madam, ki gwada babban asibiti mana," ya ce. "Wataƙila su amsa."

Na ce ba zan ɗauki mutum mai rauni cikin wannan rana in kai shi inda za a sake koro mu ba. Dalilin da na ba shi ke nan, kuma dalilin da na ba kaina. Akwai wani a ƙarƙashinsa wanda na daɗe ban yarda na kalla ba. So nake in koma in buga takardar nan a kan teburin mutumin can, a gaban mutanen da suka taru, ya ga cewa ba a yi mini haka. Na yi shekaru ina koyar da yadda ya kamata abubuwa su tafi, an kunyata ni a gaban jama'a da takarda mai filasta, raina kuma ya ƙi sauka.

Na zauna a benci a ƙarƙashin wata dalbejiya. Aka kira azahar ina nan. Na kira matar Yaya, ta ce yana gyangyaɗi. Na sake kira, ta ce yatsun da ke leƙowa daga zanin sun yi wani iri. Na ce ta yi haƙuri, yanzu zan zo. Kowace mota ta shigo sai in miƙe. Ban taɓa jin rashin amfanina kamar a kan bencin nan ba. Na san sassan dokar, na san wadda ta girmi wata, zan iya zana su a allo idona a rufe, kuma duk wannan bai iya dawo da mutum ɗaya daga ƙauye ya riƙe biro na minti biyu ba.

Gab da la'asar babban nasu ya dawo, ƙura har gira, ransa a ɓace da abin da ya gano can. Na tare shi tun bai shiga ofis ba. Ya saurara a tsaye, ya tambayi sunan ƙauyenmu da na mai unguwa, ya karɓi takarda ya rubuta layi uku ya buga hatimi. Yana miƙo mini ya ce, "Tun yaushe abin ya faru?" Na ce tun da safe. Ya dube ni ya ce, "Kuma yana ina?" Na faɗa masa. Ya ce in yi sauri, ranar Litinin kuma a kawo masa guntayen bindigar.

Ban buga takardar a kan tebur ba. Lokacin da na koma babu sauran masu kallo, kuma ƙarfin yin haka ya riga ya fita daga jikina. Na miƙa masa, ya karanta, ya sa a aljihun tebur, ya wanke hannu ya sa safar hannu. Sai a lokacin ya warware zanin. Ya taɓa yatsun Yaya ɗaya bayan ɗaya, ya danna farce, ya tambaye shi ko yana ji. Yaya ya ce a'a. Hannun ya yi sanyi, ya yi duhu daga robar zuwa ƙasa. Ma'aikacin ya miƙe ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, aikin babban asibiti ne, ko da safe ma abin da zai ce ke nan.

Na tsaya ina kallonsa. Wuni guda na yi ina neman izinin da zai ba shi damar cewa ba zai iya ba. Shi da kansa ya fita titi ya tsayar mana da mota, ya kama Yaya ta kafaɗar hagu ya sa shi a ciki. Na karɓi takardar daga aljihun teburin, don ina tsammanin can ma za a nema.

A babban asibiti wani matashin likita ne ya karɓe mu. Na miƙa masa takardar tun daga bakin ƙofa, da hannu biyu. Ko kallonta bai yi ba. Ya ture hannuna gefe ya durƙusa gaban Yaya, ya ce wa ya ɗaura wannan, kuma ƙarfe nawa. Matar Yaya ta ce tun rana ba ta yi zafi ba. Ya kira nas-nas suka tura Yaya ciki.

Na bi shi ina cewa ga takardar 'yan sanda. Ya waiwayo ya ce, "Ba mu nema ba, Hajiya. Mu ne za mu sanar da su daga baya. Haka doka ta ce."

Na san haka doka ta ce. Ni na faɗa wa kowa haka tun safe.

Sun yi kwana biyu suna ƙoƙari. A rana ta uku likitan ya kira mu ni da matar Yaya, ya ce naman da ke ƙasa da inda aka ɗaure ya mutu, in aka bar shi zai tafi da mutumin gaba ɗaya. Aka kawo fom na yardar tiyata, Yaya ya dangwala da babban yatsan hagu, nas ta riƙe masa takardar don kada ta zame. Aka yanke ƙasa da gwiwar hannu kaɗan.

Bayan an fito da shi na tare likitan a baranda, na tambaye shi abin da ke cina. Ya ce raunin bindigar kansa bai kai haka ba, da yatsa biyu zai ci, wataƙila uku. Robar ce ta yi sauran, da daɗewar da ta yi. Na ce da mun zo da hantsi fa? Da azahar fa? Ya ce ba zai iya yanke mini awa ba, ba ya son ya faɗi abin da bai tabbatar ba. Na so ya ce ko da mun zo da wuri haka za a yi. Na tsaya ina jira ya faɗa, ya ba ni haƙuri ya wuce.

Da Yaya ya fara samun sauƙi faɗana ya dawo. Na zauna na rubuta takardar ƙorafi shafi huɗu, na kawo sassan doka ɗaya bayan ɗaya, na ce sai na ga ƙarshen gidan maganin nan. Na je na karanta masa a gadon asibiti, ina fassara masa da yarenmu. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko bindigar kakanmu tana da takarda. Na ce ba ta da ita. Ya ce ita ma akwai dokarta? Na ce akwai, ta tarayya ce ita ma. Ya ce to tsakanin wadda ta ce a yi masa magani da wadda ta ce kada ya riƙe bindiga, wace ce babba? Na ce girmansu ɗaya.

"To ni na san wadda za a fara tunawa in kin ta da maganar," ya ce. "Babban 'yan sanda ya amshi guntayen ya yi shiru, ki bar shi da shirunai. Kuma in an rufe wurin, matanmu ina za su kai ɗiya in zazzaɓi ya tashi? Ki aje, Malama."

Na ajiye. Tana nan cikin akwatina har yau, ban aika ba, ban yaga ba. Watanni bayan haka na bi ta gaban gidan maganin, na leƙa ta taga. Takardar tana nan a bango, kusurwa ɗaya ta saki an sake manna ta da sabuwar filasta. Ma'aikacin ya hango ni ya miƙe tsaye. Na ga yana so ya fito, na ƙara sauri.

Yaya bai taɓa cewa laifina ne ba, ko sau ɗaya. Da ya faɗa da na samu abin kamawa, in yi kuka, in ba da haƙuri, ko in yi musu yadda na saba. Maƙwabcin da ya ɗaura robar ya zo ya durƙusa yana hawaye, Yaya ya ce ya tashi, da ba don shi ba da jini ya ƙare a gona. Matarsa kuwa tana gaishe ni, tana kawo mini ruwa in na je, tana tambayar yara. Amma wasan da ke tsakaninmu tun ranar da aka kawo ta gidanmu, tana ce mini uwar miji ƙarama, ina ce mata ba ta iya miya ba, ya ƙare. Ita ce ta ja mini mayafi sau biyu, kuma mu biyun mun sani.

Ina nan ina koyar da babin. Yana cikin manhaja, ana tambayarsa a jarrabawa, kuma abin da ke ciki gaskiya ne, babu inda zan ce an yi ƙarya. Wata rana wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, in ƙaramar doka ta ƙi faɗuwa fa? Na ce sai a je kotu. Ta ce kotu tana ɗaukar kwana nawa? Na ce ta zauna, lokaci ya ƙure.

Dawar waccan shekarar 'yan'uwa ne suka taru suka girbe masa. Da damina ta zagayo aka yi ruwan shuka, na samu hutun ƙarshen mako na tafi ƙauye. Ban samu kowa a gida ba, aka ce suna gona. A wurinmu namiji ne ke shiga gaba da sungumi yana sara rami, mata da yara na binsa a baya suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Tun ina ƙarama haka na san gonar nan, Yaya a gaba, ba ya waiwaye, mu muna haki a bayansa.

Daga nesa na hango mutum biyu a gindin dutsen. Matarsa ce a gaba da sungumin, ta ɗaure zani a ƙugu, tana sara tana tsayawa ta huta. Yaya yana biye da ita. Ya matse ƙwaryar iri a hammata da guntun hannun, yana ɗiba da hagu yana zubawa, yana rufewa da diddige. Hagun bai saba ba, wani ramin ya zuba da yawa, wani iri ya faɗi a gefe sai ya sunkuya ya tsince, ƙwaryar na neman zamewa. Layin ya karkace, shi da ake zuwa kallon layinsa.

Na ƙarasa na tsaya kusa da shi. Na miƙa hannu zan karɓi ƙwaryar, ya kauce.

"Bari, sai na koya," ya ce. "Matsa can, Malama, kina taka mini rami."

Na matsa. Na tsaya a bakin gonar da jakata a hannu, suka kai ƙarshen layin suka juyo.